Ranar da Muka Yi wa Gada Daɓe

Takardar ta iso hannun dagaci ranar Laraba, ana tsakiyar yankan dawa. Malamin firamare ne ya karanta mana ita a ƙofar fada. Ta ce ranar Litinin ta sama injiniya zai zo daga Kano ya duba tsohuwar gadar ƙarfe. In ya ga da sauran ƙarfi a jikinta, a bar ta. In bai gani ba, a toshe ta, a kira 'yan gwangwan su yanka ta su kwashe.

Gadar tana bayan garinmu, a kan rafin da ya raba gonaki da dajin duwatsu. Mota ɗaya take ci. Hagu da dama ƙarafa ne, wasu a tsaye wasu a gicciye, an ɗaure su da ƙusoshi masu kai kamar ɓarin goro, ƙasa kuma katako. Turawa suka kawo ta saboda motocin gyaɗa. Mahaifina yana cikin leburorin. Ya ce kowane ƙarfe da lambarsa ya zo, ƙusa kuwa sai an gasa ta ta yi jawur, a wurga wa na sama ya cafe da bokiti, mutum biyu su doke kanta tun ba ta huce ba. Ya ce shi ya doke ta ƙarshe. Amma a garin nan duk wanda ka tambaya ubansa ko kakansa ne ya doke ta ƙarshe. Na taɓa ƙirgawa, ƙusar ƙarshe ta kai goma sha ɗaya.

Shekara shida ke nan da aka yi sabuwar gada ta siminti can ƙasa, a kan kwaltar da ta tashi daga Kibiya zuwa Rano. Motoci duk suka koma can. Ni Ɗayyabu ba abin da ya haɗa ni da tsohuwar, gonata a wannan tsallaken take. Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan gingimari, na hau gadojin da in ka ɗora tamu a kansu sai ka ce tsani aka yar. Wanda abin ya shafa Hammadu ne.

Hammadu Bafillatani ne, rugarsa tana bayan gonata tun ban yi furfura ba. Da rani shanunsa a gonata suke kwana, shi ya sa dawata take fin ta kowa kai. Kullum bayan la'asar muna zama a gindin tsamiya, yana ce mini Kaɗo ina ce masa Fillo, har a kira magariba. Da damina gonaki sukan rufe ko'ina, rafi ya cika, ba makiyaya sai ta tsallake. Burtalin shanu kuwa bakin tsohuwar gada ya nufa. Sabuwar ba ta da burtali, masara ce hagu da dama har bakin kwalta, ga tireloli.

Da aka watse daga fada na tarar da shi a gindin tsamiya, ya dogara haɓa a kan sanda.

Ya ce, "In suka yanke ta, kafin ruwan farko na tashi. Ƙanena yana kudancin Bauchi, ya daɗe yana kirana."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Ashe zan huta da ƙuda."

"Ka huta da dawa ma."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Nan na gane maganar ta wuce wasa.

Washegari na tara mutane. Na ce musu ni na san ma'aikacin gwamnati kamar yunwar cikina. Na yi ma'amala da masu duba mota tun daga Kano har Fatakwal, ba wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin motata. Da ido suke aiki. In suka ga abu fes, sai su sa hannu su tambayi inda ake sayar da tsire. Ban da haka ma, wane mai hankali ne baƙo zai zo masa ya bar tsakar gida ba shara? Gadar nan tsatsa ta ci ta ta yi ja kamar garwashi. Mu yi mata gayya, mu fito da ita kunya.

Kowa ya ce haka ne. Sagiru mai fenti ya ce yana da ragowar kore na masallaci, da rawaya na makaranta, da shuɗi na wani ɗan takara da ya faɗi zaɓe bai dawo ya karɓi kayansa ba. Aka ce ya kawo duka.

Mutum ɗaya ne ya yi gardama, Ishiyaku maƙeri. Muna zagaya gadar, na nuna wasu ƙananan huji a jikin dogon ƙarfen ƙasa na ce a cike su da siminti.

Ya ce, "Alhaji, hujin nan fa a jere suke, tazararsu ɗaya. Tsatsa ba ta awo."

Na ce, "Malam Ishiyaku, ka taɓa zuwa Legas?"

"Ban taɓa ba."

"To riƙe mana bokiti."

Ya riƙe.

Ana cikin share ƙarafa na ci karo da tsaga guda uku. Biyu a sama, sirara kamar gashi. Ta ukun a ƙasa take ta gabas, inda ƙarfen gicciye ya haɗu da na kwance, ta ciki, sai ka sauka gaɓar rafi ka karkata kai za ka gan ta. Ita kam tsinken tsintsiya zai shiga. Ban gaya wa kowa ba. Na hau babur na tafi Rano wurin masu gyaran jikin mota na samo fila, irin ƙullun nan da ake cike lotsawar mota da shi kafin a yi fenti. Na cike su da hannuna, na goge sumul. Na sayar da motoci huɗu a rayuwata, ba wanda ya taɓa dawo mini da ko ɗaya.

Saura katako. Tsakanin kowane katako da ɗan'uwansa akwai rata, kana tafiya kana hango ruwa. Matata Jummai ta zo kawo wa 'yan gayya kunu, ta tsaya ta duba.

Ta ce, "Yanzu a kan wannan haƙoran tsohuwar za ku tsayar da baƙo? Ku maza ba ku san gyaran wuri ba. Ku kawo mana marmara, sauran namu ne."

Ranar Asabar amalanke bakwai suka zuba jar marmara a kan gadar. Matan gari suka fito da madaɓai, aka jiƙa makuba, aka durƙusa. Tun hantsi suke dukan ƙasa suna waƙa har la'asar, gadar tana amsa musu daga ƙasa kamar ganga. Da suka tashi, daɓe ya kwanta daga wannan baki zuwa wancan, yana ƙyalli. Jummai ta hana shanun Hammadu hawa har sai baƙo ya zo ya tafi, dole suka bi ta cikin rafi, da yake ruwa ya ja baya.

Hammadu ya tsaya yana kallon gadar, farko kore, tsakiya rawaya, ƙarshe shuɗi.

Ya ce, "Kaɗo, ka tabbata?"

Na ce, "Fillo, kai dai ka iya tatsa. Bar mini mutanen birni."

Litinin da hantsi mota ta tsaya. Muna jiran wani mai tumbi ya fito, sai ga yarinya, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba, da hijabi, ta kifa hular kwano a kai, da 'yar guduma a hannu. Ta durƙusa ta gaida dagaci, ta ce sunanta Mufida, ita ce injiniyar. Daga jin harshenta na san daga inda ta fito.

Na ce, "Ikon Allah. Duk injiniyoyin Kano sun ƙare, sai Bazazzagiya aka turo mana?"

Ta ce, "Baba, ai aikin na masu ilimi ne, shi ya sa aka aika Zariya."

Aka kwashe da dariya. Na ce a raina an gama, wadda ta iya wasa ba ta wahalar sa hannu.

Muka rako ta bakin gada, mata suka rangaɗa guɗa. Ta tsaya cak. Ta dubi takardar hannunta mai hoton gadar, ta dubi gadar, ta sake duban takardar.

"Baba, wa za a aurar?"

Na ce, "Karrama baƙo ce, 'yata. Haka muke a nan."

Ta hau daɓen a hankali kamar mai tsoron ɓata shi. Ta durƙusa ta ƙwanƙwasa, ta tambayi kaurinsa. Jummai daga baya ta ce, "Taƙi guda cur, ba mu yi ha'inci ba." Ta leƙa gefe tana neman wani abu ba ta samu ba, har ta gano inda muka shafe da siminti. Ta sa farce ta karci fenti. Sai ta zauna a kan ƙarfe, ta cire hular kwano, ta yi dariya har da hawaye. Da ta gama ta share ido, fuskarta ta canja.

Ta ce, "Iyayena, Allah ya saka da alheri, na ga ƙauna. Amma ni yau likita ce aka kawo wa marar lafiya an shafa masa hoda an sa masa kwalli. Tsatsar nan da kuka rufe, ita na zo karantawa. Ratar katako da hujin da kuka toshe, ta nan ruwa yake fita. Shekara tamanin gadar nan tana raye saboda ruwa ba ya kwana a jikinta. Ga marmara amalanke nawa kun ɗora mata, nauyin mota ne da ba ta sauka dare da rana. Damina biyu a haka, ko ban rubuta komai ba ta gama."

Ban waiwaya ba, amma ina jin idon Ishiyaku a ƙeyata.

Dagaci ya ce, "To yanzu me za ki rubuta?"

"Abin da ban gani ba ba zan ce lafiyarsa ƙalau ba, ranka ya daɗe. In kuwa na rubuta ban iya dubawa ba, a ofis toshewa za su karanta."

Hammadu ya juya zai tafi. Na riƙo hannun rigarsa.

Na ce, "'Yata, kwana nawa za ki yi a ƙasar nan?"

Ta ce tana da kwalbatoci a Rurum da Unguwar Gai, ranar Alhamis za ta koma.

"In kin biyo Alhamis kika tarar da ita tsirara yadda uwarta ta haife ta fa?"

"In na tarar, zan duba."

Gayya ta biyu ta fi ta farko wuya, don ba kiɗa ba guɗa. Mata suka fasa daɓensu da fartanya. Jummai ba ta yi mini magana ba sai da cokali, in ta ajiye tuwo sai kwanon ya yi ƙara. Ishiyaku ya zama sarkin aiki, yana fasa siminti da kurfi, duk hujin da ya buɗe sai ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, a Legas ma haka suke yi?" Samari suna kankare fenti da burushin waya. A nan ne ma aka tono wani faranti mai rubutun Turawa da shekarar da aka ƙera ta, wanda Sagiru ya shafe da shuɗi har hannu biyu.

Ni kuwa na ce kusurwar gabas ta ƙasa tawa ce, kada wanda ya sauka, akwai santsi. Na kankare fentin, na bar fila a wurinta. Na tara garin tsatsa, na kwaɓa da baƙin mai, na shafe wurin. Ko ni da na yi, sai na lalubo da yatsa nake gane shi. Lissafina shi ne, ƙananan biyu in ta gani ta gani, amma babbar in ta gani Hammadu ya tafi Bauchi.

Alhamis ta dawo tun da safe. Ba ta yi wasa da kowa ba. Ta bi ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora yatsa a gefen kai ta doka da guduma. Mai lafiya ta yi ƙara tangararau, mai motsi ta yi bif, sai ta zana mata alli. Wajen azahar ta tsaya a kan ƙarfen sama, ta doka, ta sake dokawa, ta sa wuƙa ta ɓanɓaro wani abu fari-fari.

"Wannan aikin direba ne. Wa ya taɓa jan mota a nan?"

Duk garin suka juyo suka dube ni.

Na ce, "Ƙura ce ta taru."

"Ƙurar Kano har da ƙamshin gareji?"

Ba a jima ba ta gano ta biyun. Ta auna su ta ce ba su da zurfi. Ta sauka ƙasa ta zagaya, ta haska da tocila, ta wuce kusurwata har sau biyu. Gudumarta ta sauka taƙi ɗaya daga wurin. Ta hau, ta wanke hannu, ta zauna a inuwar motarta ta buɗe takarda.

Ta ce wa dagaci, "Tsohuwar nan ta fi yadda na zata. A canja ƙusa goma sha tara da katako shida. Zan rubuta mutane da dabbobi su wuce, har ƙaramar mota."

Wuri ya kaure. Hammadu ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Kaɗo, na yafe maka fentin. Ranar da ruwa ya sauka, gaba ɗaya zan koro su, da masu ciki da 'yan maruƙa, matata Fanta tana biye da ƙwarya a ka. Ka zo ka tsaya ka ga sarauta."

Ya saki hannuna ya tafi yana gaya wa mutane. Ni kuwa na tsaya ina ganin abin a idona: garke guda a kan gada lokaci ɗaya, rafi ya cika yana jan itace, matarsa a tsakiya, duk nauyin yana sauka a kan ƙullun da na saya a Rano. Motocin da na sayar, in fila ta faɗo mai mota zagi kawai zai yi.

Ta ɗora biro ke nan na ce, "'Yata, dakata. Uku ne."

"Me ne ne uku, Baba?"

"Ƙurar."

Na kai ta gaɓar rafi, na karkata kai na nuna mata. Ta sa wuƙa, fila ta faɗo guda, tsagar ta buɗe baki. Ta daɗe tana haskawa. Mutane suka yi cirko-cirko a sama. Hammadu ya sauko ya leƙa, ya dube ni.

"Shanuna za ka ɗora a kan tuwo?"

"Don kada ka tafi ne."

"Da na tafi ai, ta cikin ruwa."

Ya koma gefe ya tsuguna.

Injiniya ta miƙe ta karkaɗe hijabinta. Ta yaga takardar da ta fara, ta ɗauko wata.

Dagaci ya ce, "Shi ke nan, ta mutu?"

Ta ce, "Ba ta mutu ba, karaya ce, kuma an gan ta da wuri. Daga yau ba mai hawa sai an yi mata ɗori: faranti biyu na ƙarfe, ciki da waje, a ɗaure da noti. Mota kuwa ta yi bankwana da ita har abada, za a kafa turaku a baki. Mutane, babur, shanu goma-goma. Haka zan rubuta, in kuma bi takardar da ƙafata, don na fi son a gyara kafin ruwa." Ta juyo gare ni. "Baba, hannunka yana da kyau, wallahi sau biyu na wuce. Don Allah kada ka ƙara."

Na ce, "Bazazzagiya ta yaba wa Bakano. A rubuta wannan ma."

Kwana tara Hammadu bai zo gindin tsamiya ba. Ran na goma ya zo ya zauna, bai yi sallama da ni ba sai da tsamiyar. Can ya ce ƙanensa ya sake kira, shi kuma ya ce wa ƙanen ya dakata tukuna.

Masu ɗori ba su zo ba sai da zafi ya tsananta, har mun fara cewa takardar ta ɓata. Kwana huɗu suka yi, Ishiyaku yana tsaye a kansu kamar shi ya aiko su. Da aka zo kafa turaku aka rasa faɗin da za a bari, wanda saniya za ta wuce mota ba za ta wuce ba. Hammadu ya koro wani farin bijimi mai ƙaho kamar an buɗe hannu, aka tsayar da shi a bakin gada, aka auna, aka ƙara taƙi ɗaya kowane gefe.

Ruwan farko ya sauka daren wata Juma'a. Da safe na ɗauki kujerata na kafa a bakin gada, don dagaci ya ce tunda ni na fi kowa sanin ciwonta, ni zan tsare dokar goma-goma. Na karɓa da murna. Bafillatani ba ya son a ƙirga masa shanu, shekara da shekaru ina tambayarsa nawa ne yana cewa "'yan kaɗan." Yau ga hukuma ta ba ni izini.

Ya iso da garke. Ya tura bakwai. Ya tura huɗu. Ya tura tara, ya kira biyu suka dawo, wai sun manta 'ya'yansu. Ya tura shida, ya ce uku a ciki na surukinsa ne, kada in sa da su. Wata baƙa mai farin goshi na rantse sau uku ta wuce ni.

Na ce, "Fillo, goma aka ce!"

Ya ce, "An ce kada a wuce goma. Na wuce?"

Ya bi bayan na ƙarshe, sandarsa a kafaɗa, katako yana amsa kofato. Da ya kai tsakiya ya waiwayo.

"Nawa ka samu, Kaɗo?"

Na duba yatsuna. Na ce, "'Yan kaɗan."

Ya ce, "To ka gani. Sai la'asar."